Suna Linzami: Sharhi a Kan Yadda Ake Rarraba Darussan Hausa da Yi Masu Laƙabi a Intanet

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta tilasta rufe makarantu a faɗin Nijeriya, darussan da ake ɗorawa a intanet suka yawaita ƙwarai da gaske. Gwamnatocin jihohi da dama sun watsa darussa ta rediyo da talabijin, malamai masu zaman kansu sun buɗe tashoshi a YouTube, sannan a shekarar 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, tare da haɗin gwiwar UNICEF da kamfanin Microsoft, ta ƙaddamar da taskar darussa mai suna Nigeria Learning Passport. Darussan Hausa ma ba a bar su a baya ba. Sai dai yawan kaya a kasuwa daban, samun abin da mai saye ya fito nema kuma daban.

Wannan sharhi zai yi tsokaci ne a kan hanyoyin da ake bi wajen rarraba waɗannan darussa zuwa rukuni-rukuni da yi masu laƙabi domin su riƙa fitowa idan an yi bincike. Ra'ayinmu shi ne, laƙabin da aka yi wa darasi alkawari ne da mai darasin ya ɗaukar wa malamin da zai yi amfani da shi. Idan laƙabin bai faɗi gaskiya a kan wanda aka shirya darasin dominsa ba, da kuma gurbinsa a cikin manhaja, to fitowar darasin a sahun gaba ɓata lokacin malami ne kawai. Za mu nuna cewa shawarar da 'yan talla suke bayarwa ta kauce wa wannan alkawari, mizanan da duniya ta tsara kuma sun tanadi gurabe amma sun bar mana cika su. Masu iya magana sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

2.0 Ma'anar Rukuni da Laƙabi

A cikin wannan sharhi, idan muka ce rukuni muna nufin gurbin da aka ajiye darasi a cikin wani tsari mai hawa-hawa, kamar a ce Hausa, a ƙarƙashinta adabi, a ƙarƙashinsa adabin baka, a ƙarƙashinsa kuma tatsuniya. Laƙabi kuwa kalma ce ko 'yan kalmomi da ake maƙala wa darasi domin su bayyana wani abu game da shi, kuma darasi ɗaya yana iya ɗaukar laƙubba da yawa. Idan aka tattara sunan darasi da rukuninsa da laƙubbansa da sunan mai shi da shekarar da aka yi shi, an sami abin da za mu kira katin bayani, wato kwatankwacin katin da ake samu a akwatin laburare.

Aikin ba sabo ba ne, kuma tun a laburare aka fara ganin cewa kowane tsarin rarrabawa yana da wanda aka yi shi dominsa. A tsarin Dewey, wanda aka fara bugawa a 1876, littattafan harshen Hausa suna ƙarƙashin lamba 493, tare da wasu harsunan dangin Afirka da Asiya, alhali na Yarabanci da Ibo suna ƙarƙashin 496. Wannan rabo daidai yake a wurin masanin tarihin harsuna. Amma malamin da yake shirya darasin harsunan Nijeriya sai ya je kanta biyu kafin ya haɗa abin da manhajarsa ta haɗa a shafi ɗaya. Ke nan tambayar farko da ya kamata a yi wa kowane tsari ita ce: wa zai yi nema a cikinsa, kuma da waɗanne kalmomi zai yi neman?

3.0 Shawarar 'Yan Talla da Illarta

Shawarar da ta fi yaɗuwa a tsakanin masu ɗora darussa ta samo asali ne daga masu tallata kaya. Abin da take cewa a taƙaice shi ne, a binciko kalmomin da jama'a suka fi nema, a cusa su a sunan darasi da bayaninsa da laƙubbansa, sannan a saka darasin a rukunai da yawa gwargwadon iko. Sakamakon haka ne ake ganin darasi a kan baƙi da wasali ɗauke da laƙubba irin su Kannywood, WAEC, NECO, JAMB, sababbin waƙoƙi da labaran soyayya, duk a lokaci guda.

Wannan shawara tana da rauni ta fuska biyu. Ta fuskar fasaha, an daɗe da wuce zamanin da tarin kalmomi yake ɗaga shafi. Tun a 2009 kamfanin Google ya bayyana cewa ba ya amfani da jerin kalmomin da mai shafi ya ɓoye a bayan shafinsa wajen jera sakamakon bincike, kuma dalilin da ya bayar shi ne yadda aka ɓata gurbin da cushe. Haka kuma jagorar da YouTube ya tanadar wa masu tashoshi ta nuna cewa suna da hoton fuska da bayanin bidiyo sun fi laƙubba tasiri nesa ba kusa ba, kuma inda laƙubba suka fi amfani shi ne wurin da ake yawan kuskuren rubuta kalmar da ake nema. Za mu dawo kan wannan batu na ƙarshe, domin ya shafi Hausa kai tsaye.

Ta fuskar ilimi kuwa, illar ta fi haka girma. Ɗan talla yana auna nasararsa da yawan waɗanda suka buɗe shafi. Malami kuma yana auna tasa da abin da ɗalibi ya iya bayan an tashi daga aji. Malamar Hausa a wata ƙaramar sakandare a Aba ko Ibadan, wadda take sayen data da kuɗin aljihunta, idan ta buɗe bidiyo biyar masu laƙabin aji ɗaya na ƙaramar sakandare ta tarar huɗu daga ciki laccar jami'a ce, an ƙirga ta sau biyar a matsayin nasara, ita kuwa ta yi asarar kuɗinta da darenta. Ɗalibin da ya dogara da darasi mai laƙabin WAEC ba tare da shekara ba yana iya shafe makonni yana nazarin littafin da aka riga aka cire daga jerin zaɓaɓɓun littattafai, tun da hukumomin jarrabawa suna sauya jerin daga lokaci zuwa lokaci. Bugu da ƙari, malamin kirki da ya yi wa darasinsa laƙabi na gaskiya guda uku sai ya nutse a ƙarƙashin wanda ya jibga talatin. Da haka ake koya wa masu gaskiya yin ƙarya.

4.0 Mizanan Duniya: Abin da Suka Tanada da Abin da Suka Bari

Masu kula da taskokin ilimi sun daɗe da hango wannan matsala, suka tsara mizanai na katin bayani. Guda uku ne suka fi shahara, kuma kowane yana da abin yabo da abin gyara.

4.1 Dublin Core

An aza harsashin wannan mizani ne a wani taro da aka yi a garin Dublin na jihar Ohio ta Amurka a 1995, daga baya ya tsaya a kan gurabe 15, waɗanda suka haɗa da suna, mawallafi, batu, taƙaitaccen bayani, mabugi, kwanan wata, nau'i, harshe da haƙƙin mallaka. Kyawunsa shi ne sauƙi: kowane ma'aikacin laburare zai iya cika shi. Rauninsa a wurinmu shi ne, a cikin gurabe 15 na asali babu inda aka tambayi wanda aka yi abin dominsa ko ajin da ya dace da shi. Sai daga baya aka ƙara waɗannan a cikin faɗaɗɗen jerin. Saboda haka taskar da ta tsaya a kan na asali za ta gaya wa malami wanda ya rubuta darasi da ranar da ya rubuta shi, amma ba za ta gaya masa ko zai iya shiga aji da shi ba.

4.2 LOM

Ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da wannan mizani a 2002 musamman domin kayan koyarwa. Ya kasu gida 9, yana ɗauke da gurabe fiye da 60, kuma ya keɓe gida guda sukutum ga al'amuran koyarwa, inda ake tambayar nau'in darasi da shekarun ɗalibi da wahalar darasin da lokacin da zai ci. Wannan ci gaba ne babba. To amma zaɓin da ya bayar a wasu gurabe bai dace da yanayinmu ba. A gurbin muhallin karatu, kalma ɗaya ce, wato makaranta, ta haɗe firamare da sakandare baki ɗaya. A gurbin wahala an jera matakai biyar daga mai sauƙi ƙwarai zuwa mai wuya ƙwarai, alhali darasin karin sauti da yake wasa ne a kunnen yaron Katsina yana iya zama dutse a wurin yaron Enugu. Gurbin shekaru kuma ya ginu ne a kan zaton cewa shekarun mutum suna nuna ajinsa. A ƙasar da take da ajin yaƙi da jahilci, da makarantun makiyaya, da almajiran tsangaya da suke fara boko bayan sun girma, mai shekara 6 da mai shekara 16 da mai shekara 46 duk suna iya zama a kan darasin haruffa. Ban da wannan, yawan gurabe yakan gajiyar da mai cikawa, ya cika na sama ya bar na koyarwa fayau, alhali su ne dalilin tsara mizanin.

4.3 LRMI da schema.org

A 2011 manyan injunan bincike, wato Google da Bing da Yahoo, suka haɗu suka kafa schema.org domin masu shafuka su riƙa bayyana abin da shafinsu ya ƙunsa ta hanyar da na'ura za ta fahimta. A cikin shekarar ne kuma ƙungiyar Creative Commons da wata ƙungiyar mabuga littattafan makaranta ta Amurka suka fara aikin LRMI, wanda aka shigar da gurabensa cikin schema.org a 2013. A ganinmu wannan mizani ya fi sauran kusantar buƙatar malami, saboda ya kawo gurbin da ake danganta darasi da wani takamaiman batu a cikin wata takamaimiyar manhaja.

Sai dai wannan gurbi ba ya aiki sai manhajar kanta tana da lamba tabbatacciya ga kowane batu. A Amurka, mizanan Common Core da aka fitar a 2010 kowace manufa a cikinsu tana da lambarta, don haka mai darasi yana iya nuna ta kai tsaye. Manhajar da muka saba da ita kuwa jadawali ce da aka tsara domin idon malami: jigo, batu, manufofi, ƙunshiya, ayyukan malami, ayyukan ɗalibai, kayan aiki da auna fahimta. Muddin batutuwanta ba su ɗauke da lambar da kowa zai iya ambatawa ba, mai darasi zai rubuta abin da ya ga dama a gurbin, ko ya bar shi haka nan. A nan laifin ba na mizanin ba ne. Aiki ne da yake jiran masu tsara manhaja.

5.0 Matsalolin da Suka Keɓanta ga Hausa

5.1 Kalmar Hausa Kanta

Laƙabin Hausa shi kaɗai yana ɗaukar ma'ana uku aƙalla. Yana iya nufin harshen da aka gabatar da darasi da shi, kamar darasin lissafi da aka yi da Hausa. Yana iya nufin fannin da ake koyarwa, kamar darasin nahawun Hausa da aka gabatar da Turanci. Yana kuma iya nufin al'ummar da ake magana a kanta, kamar darasin tarihin ganuwar Kano. Taskar da ta zuba waɗannan uku a kwando ɗaya ta ɗora wa malami aikin tsince su da hannu. Irin wannan ruɗani ya sami kalmar manhaja ma, domin a 'yan shekarun nan kafofin yaɗa labarai suna amfani da ita wajen kiran abin da ake saukewa a wayar hannu. Wanda ya rubuta manhajar Hausa a akwatin bincike yana iya cin karo da tallar kayan waya kafin ya ga tsarin karatu.

Akwai kuma batun rubutu da ƙasa. Lambar da mizanin ISO 639 ya ba Hausa ita ce ha, ko hau a jeri mai haruffa uku, kuma tsarin laƙaba harsuna na intanet ya ba da damar a bambanta boko da ajami ta hanyar ha-Latn da ha-Arab, a kuma bambanta Nijeriya da Nijar ta hanyar ha-NG da ha-NE. Wannan bambanci yana da amfani a aji, tun da ƙa'idar Nijar tana rubuta ƴ a inda ta Nijeriya take rubuta 'y, duk da ƙoƙarin daidaitawa da aka yi a taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980. Kayan aikin suna nan a ajiye, amfani da su ne ya yi ƙaranci.

5.2 Wane Ne Mai Farawa?

Kasuwannin koyar da harsuna na intanet sukan raba ɗalibai gida uku: mai farawa, matsakaici da wanda ya yi nisa. Wasu kuma suna aron matakai 6 na Majalisar Turai, daga A1 zuwa C2, waɗanda aka buga a 2001 domin masu koyon baƙon harshe. A duba mutum biyu. Na farko yarinya ce 'yar aji ɗaya na firamare a Kano, wadda take jin Hausa sarai, har tana ba da tatsuniya, amma ba ta san harafi ko ɗaya ba. Na biyu ɗan bautar ƙasa ne daga jihar Abiya da aka tura Sakkwato, wanda yake da digiri, yake karatu da rubutu, amma bai san yadda ake amsa ina kwana ba. Dukkansu masu farawa ne, kuma darasin da zai amfani ɗaya ba zai tsinana wa ɗayan kome ba.

Tsarin ilimin ƙasar nan ya daɗe da gane wannan bambanci. Bugun 2004 na Manufar Ilimi ta Ƙasa ya tanadi cewa a ƙaramar sakandare a koyar da harshen yankin a matsayin harshen farko, sannan a koyar da ɗaya daga cikin manyan harsuna uku, wanda ba na yankin ba, a matsayin harshe na biyu. Abin mamaki shi ne, bambancin da aka rubuta a takardar manufa shekaru da yawa da suka wuce shi ne ya fi ɓacewa a laƙubban darussa. Waɗanda wannan giɓi ya fi cutarwa su ne malaman Hausa na kudanci da tsakiyar ƙasar nan, saboda mafi yawan abin da bincike yake kawo masu an yi shi ne da zaton ɗalibi ya tashi da harshen a bakinsa.

5.3 Haruffa Masu Ƙugiya

Kalmar ƙasa tana bayyana a intanet da siffa biyar aƙalla: ƙasa, kasa, k'asa, qasa da }asa. Ta ƙarshen gado ce daga tsofaffin haruffan kwamfuta na kafin yaɗuwar Unicode, waɗanda suka ɗora ƙ da ɗ da ɓ a kan maɓallan baka da sauran alamomi. A kan takarda rubutun yana fita daidai, amma abin da na'ura take gani a ciki shi ne }asa da ha]a da ~ata. Ɗimbin kundayen digiri da maƙalu da littattafai masu daraja da aka buga da irin waɗannan haruffa suna nan a intanet, amma wanda ya nemi su da daidaitaccen rubutu yana iya wuce su bai sani ba.

Kada a zaci kowace na'ura za ta warware wannan da kanta. A tsarin Unicode, harafi irin é na Faransanci ana iya warware shi zuwa e da alamar da take samansa, shi ya sa akwatin bincike yake iya daidaita su cikin sauƙi. Harafin ƙ kuwa guda ne da ba ya warwaruwa, don haka sai an koya wa taska da gangan cewa wanda ya rubuta waka mai yiwuwa waƙa yake nema. A ɗaya ɓangaren kuma, share ƙugiya gaba ɗaya yana haɗe kalmomin da ba su da dangantaka: kafa da ƙafa, baki da baƙi, kare da ƙare, bata da ɓata. Misali mafi kusa da aikinmu shi ne karin magana, wanda wasu suke rubutawa ƙarin magana bisa zaton gyara suke yi, alhali sun koma wata ma'ana daban.

Mafita a nan a fili take, kuma ita ce wurin da laƙabi yake da aiki na haƙiƙa. Sunan darasi da bayaninsa su zo da daidaitaccen rubutu, domin su ne ɗalibi yake gani yana kwaikwayo. Sauran siffofin kalmar, wato marar ƙugiya da mai q da makamantansu, a ajiye su a gurbin laƙubban da ba a nunawa, su zama ƙofofin shiga kawai. Abin da muke suka shi ne al'adar cire ƙugiya daga sunan darasi don a sami masu kallo. Darasin ƙa'idojin rubutu da aka rubuta sunansa da kuskure ya rushe kansa tun daga bakin ƙofa.

5.4 Keɓaɓɓun Kalmomi

Nazarin Hausa yana da kalmomi fiye da ɗaya ga abu ɗaya a wurare da dama. Wani ya ce aikatau, wani ya ce fi'ili. Wani ya ce wakilin suna, wani ya ce lamiri. Ana jin ƙirar kalma da ginin kalma da tasarifi. A wani wurin kuma kalma ɗaya ce take ɗauke da abu biyu, kamar waƙa, wadda ta haɗe rubutacciyar waƙa da waƙar baka, alhali manhaja ta raba su, kuma hanyar nazarinsu ba ɗaya ba ce. Idan kowane mai darasi ya bi kalmar da malaminsa ya koya masa, darussa goma a kan batu ɗaya za su warwatsu a ƙarƙashin sunaye uku ko huɗu.

Ba daga tushe za mu fara ba. Rabon fannin zuwa harshe da adabi da al'ada ya zauna daram a makarantunmu. Littafin Abdulƙadir Ɗangambo a kan rabe-raben adabin Hausa ya fito tun 1984, ƙamusun keɓaɓɓun kalmomi mai suna Hausa Metalanguage wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace ya fito a 1990, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero kuma ya fito a 2006. Abin da ya rage shi ne a tsamo jeri guda daga waɗannan ayyuka, a zaɓi kalma ɗaya ta zama uwa ga kowane batu, a rataya mata sauran a matsayin 'yan uwanta, ta yadda wanda ya nemi fi'ili za a kai shi ga aikatau ba tare da an ce masa ya yi kuskure ba.

6.0 Hanzarin Masu Ja

Akwai hanzari biyu da ya kamata a saurara. Na farko shi ne, malamin da yake ɗaukar darasi da wayarsa bayan an tashi daga makaranta ba shi da lokacin cika dogon kati. Wannan gaskiya ne, kuma abin da ya sami LOM ya isa ishara. Don haka katin da za a nema daga gare shi ya zama gajere, kuma ya zama zaɓi ne daga jeri, ba rubutu da hannu ba.

Na biyu shi ne, injunan bincike na yanzu, musamman masu aiki da ƙirƙirarriyar basira, suna iya gane batun darasi ko da ba a yi masa laƙabi ba. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa. Na'ura tana iya gane cewa bidiyo yana magana ne a kan tatsuniya. Amma sanin cewa an shirya shi ne domin 'yan aji huɗu masu koyon Hausa a matsayin harshe na biyu, bisa wani bugu na manhaja, kuma wani masani ya duba shi, bayani ne da sai mutum ya faɗa kafin na'ura ta sani. Idan ba a faɗa ba za ta yi kirdado, ta kuma gabatar da kirdadon kamar tabbas.

7.0 Shawarwari

Bisa ga abin da ya gabata, muna ba da shawarar cewa kowane darasin Hausa da za a ɗora a taskar gwamnati ko ta makaranta ya zo da kati mai gurabe 8:

(a) Sunan darasi da daidaitaccen rubutu.
(b) Harshen da aka gabatar da darasin da shi, da nau'in rubutu, boko ko ajami.
(c) Reshe: harshe, adabi ko al'ada, da batun da ke ƙarƙashinsa daga jerin da aka amince da shi.
(d) Nau'in ɗalibi: mai Hausa a matsayin harshen farko ko na biyu.
(e) Aji ko mataki, har da ajin manya da na makarantun da ba na boko zalla ba.
(f) Bugun manhaja ko shekarun jarrabawar da darasin ya bi.
(g) Siffar darasi da nauyinsa: bidiyo, murya ko rubutu, minti nawa ne, data nawa zai ci.
(h) Mai darasin, wanda ya duba shi, da sharaɗin amfani da shi.

Gurbi na (f) yana buƙatar ƙarin bayani. Manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara 9 da hukumar NERDC ta tsara ta fara aiki a makarantu a 2008, an yi mata bita a 2012, aka kuma sanar da wata sabuwar bita a 2025. Darasin da aka ce na aji biyar ne kawai, ba tare da an faɗi bugun da ya bi ba, yana iya zama daidai jiya ya zama kuskure yau.

Haka kuma muna kira ga masu tsara manhaja da su ba kowane batu lamba tabbatacciya, su kuma buga jerin a fili kyauta domin kowa ya ɗauka. Sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi su haɗa kai wajen fitar da jerin keɓaɓɓun kalmomi da 'yan uwansu. Masu kula da taskoki su tabbatar akwatin bincikensu yana karɓar kalma da ƙugiya ko babu, sannan su mayar da tsofaffin takardu zuwa Unicode. Daga ƙarshe, a sanya cika katin bayani cikin abin da ake koya wa ɗaliban koyon malanta, kamar yadda ake koya masu rubuta shirin darasi.

8.0 Kammalawa

A cikin wannan sharhi mun duba shawarar 'yan talla, muka ga tana ƙirga masu buɗe shafi ba tare da ta damu da abin da suka samu a ciki ba. Mun duba mizanan duniya guda uku, muka ga kowane ya tanadi gurabe, amma kalmomin da za a zuba a cikinsu sai sun fito daga manhajarmu da nazarin harshenmu. Mun kuma nuna wurare huɗu da Hausa take da buƙata ta musamman: ma'anar laƙabin Hausa, nau'in ɗalibi, haruffa masu ƙugiya da keɓaɓɓun kalmomi. Ma'aunin da muke ganin ya dace a riƙa auna kowace taska da shi mai sauƙi ne: a ba malami batu ɗaya daga manhajar ajinsa, a ga ko zai sami darasin da ya dace da ɗalibansa a cikin sakamako biyar na farko. Taskar da ta ci wannan jarrabawa ta yi aikinta. Wadda ta faɗi kuwa, sai a koma a duba sunayen da aka raɗa wa darussanta.